Kifin da Na Ɓoye a Randa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a Faskari ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran ranakun duniya. Kai, ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don waɗanda suka leƙo ta taga a ranar wasunsu suna nan da ransu, kuma bakinsu bai mutu ba.

A lokacin ina saurayi, malamin gona, a shekarun da kuɗin man fetur suka ɓarke a ƙasar nan. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane ba. An yi mana ƙarin albashi, kan kowane ɗan ma'aikaci ya kumbura. Ni ma ban yarda an bar ni a baya ba: babur sabo dal, rediyo mai cin kaset, wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ke share titi, ga gashi na tara har hula ba ta zama (akwai hoton, amma na adana shi inda jikokina ba za su kai ba). Aikina yawon ƙauyuka, yau Mairuwa, gobe Sabuwa, ina koya wa sa'o'in ubana yadda ake zuba takin zamani.

A wajen yawon nan na saba da wani Ba'indiye, injiniya cikin masu shimfiɗa kwalta a yankinmu. A falonsa akwai wani akwatin gilashi mai tsawon ƙaramin gado, cike da ruwa, da tsakuwa a ƙasa, da kifi ɗaya tal a ciki. Amma fa kifi! Faɗinsa ya kai faifai, baƙi ne mai zanen ja kamar an ɗiga masa manja, ga manyan idanu, ga leɓe a turɓune. Da aikinsu ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya ce in ɗauka, tunda kullum na zo a gaban gilashin nake ƙarewa baki buɗe. Ya haɗa mini da ɗan injin da ke hura iska a ruwan, mai aiki da batirin mota. Sannan ya ja mini kunne: kifin nan ba ya son hayaniya, ba ya son a sauya masa wuri, ba ya son a ƙwanƙwasa masa gilashi. Na ce to, to, to. Wallahi ban ji rabin abin da ya faɗa ba, hankalina yana kan irin kallon da 'yan unguwa za su yi mini.

Na sa masa suna Ɗankwangila, saboda aikinsa ke nan daga safe har yamma: ya ɗebi tsakuwa a baki daga wannan lungu ya kai wancan, ya haƙa rami, ya bar shi bai gama ba, ya je ya fara wani.

Kallo kuwa na sha shi. Ɗakina ya koma kasuwa. Yara, manya, matan aure da ke aiko a roƙa musu izini su zo da magariba, har da wani tsoho da ya tako daga bayan gari don ya ga kifin da ake ba nama maimakon a ci namansa. Kowa ya shigo sai ya ƙwanƙwasa gilashin ya ce, "Kai, juyo mu gan ka!" Wani ya haska masa tocila, wani ya jefa masa ƙosai. Ni kuma ina tsaye a gefe hannu a aljihu, ina bayani kamar ni na halicce shi, ga kaset yana ta tashi har ƙarshen murya.

Ba a daɗe ba Ɗankwangila ya fara sauyawa. Da farko ya daina haƙa. Sai ya daina ci. In na jefa masa fara ya kama ya tofar. Jan zanen nan nasa ya koɗe, ya koma fari-fari kamar tsohuwar atamfa. Wani lokaci ya maƙale a lungu ya juya wa duniya baya, wani lokaci kuma ya zabura ya daki gilashi da kai har ruwa ya fantsalo. Ranar da na dawo daga aiki na tarar da shi kwance a gefe ɗaya a kan tsakuwa, ido a kafe, sai na ruga gaban gilashin. Na ɗauka ya tafi. Ashe fushi ne da firgici suka taru suka yi masa yawa. A nan ne maganar Ba'indiyen ta dawo mini tiryan-tiryan.

Na ɗauki mataki. Na kashe kaset. Na samo baƙin zane na lulluɓe gilashin, na bar ɗan gefe kawai don haske. Na sa wa ɗaki kwaɗo, na ce daga yau ba mai shiga, ko waye. Da sassafe in ɗauki gwangwani in tafi bakin fadama tonon tana, in biya wajen mahauta in karɓo 'yar tsoka marar kitse. In na dawo in tsuguna a gaban gilashin ina lallashi a hankali: "Haba Ɗankwangila, ci mana. Yi haƙuri, ba za a ƙara ba." Kuma Allah da ikonsa, maganin ya yi aiki. Launinsa ya dawo, ya koma kwangilarsa, har in na shigo sai ya taso yana kaɗa jiki yana karɓar abinci a hannuna. Daɗi ya kama ni sosai, don na shaƙu da shi fiye da yadda zan iya faɗa a gaban mutane.

Abin da ban yi tunani ba shi ne yadda duk wannan yake a idon maƙwabta. Ku duba fa: saurayi shi kaɗai, ya yi babur dare ɗaya, yana da wani abu lulluɓe da baƙin zane a ɗaki, ya hana kowa shiga, yana fita fadama da asuba, yana sayen ɗanyen nama, kuma ana jin sa ta taga yana roƙon wani yana ba shi haƙuri. Waɗanda suka ga kifin da idonsu su ne ma suka fi kowa rantsuwa. Wai dama sun lura, kallon da yake yi wa mutum ba na kifi ba ne. Kafin in ankara labari ya gama gari: malamin gona yana da ɗan ruwa, shi ke kawo masa dukiya.

Da a Faskari abin ya tsaya da sauƙi. Amma a lokacin ina neman Hajara, wata malamar firamare a Kankara, 'yar mutanen Yargoje, kuma magana ta yi nisa har an kai matakin da iyaye ke binciken halin mutum kafin su ce ya turo. Wanda zai ba da ita wan mahaifinta ne, Baba Alhaji, manomi kuma mai shanu, mutumin da in ya ce a'a an gama. Ni kuwa a duniya ba abin da nake so kamar yarinyar nan.

Wata yamma na je zance, tun kafin in kafe babur na ga tana danne dariya.

"Malam," in ji ta, "ashe kai babban mutum ne ban sani ba? An ce ɗan ruwa gare ka."

Na ce, "Haba Hajara, kifi ne fa!"

"Ni na sani. Baba Alhaji ne bai sani ba. An kai mashi magana, ya ce ba ya ba da ɗiya gidan tsafi. Ran Lahadi za su zo shi da Malam Liman su gani da idonsu." Ta daina dariyar ta dube ni. "Don Allah in sun zo ka yaye zanen kawai su ga kifi ne. Kar ka yi wata dabara, na san ka."

Na ce ba komai. Amma a kan hanyar komawa sai wayona ya motsa (duk wata masifa da na taɓa shiga a rayuwa, daga wannan motsin take farawa). Na ce a raina, dattijon ƙauye ya ga ƙato da gemunsa yana ba kifi nama a baki, in bai ce tsafi ba ai zai ce taɓin hankali. Abin da ya fi, su zo su tarar babu kifi sam. In ya so bayan biki a yi bayani.

Ranar Lahadi da hantsi na shiga aiki. A kusurwar ɗakina akwai babbar randa mai faɗin baki. Na zubar da ruwan da ke ciki, na cika ta da ruwan gilashin, don na san baƙon ruwa yana tayar masa da hankali. Na kamo Ɗankwangila da bokiti, da ƙyar da jiɓin goshi, na zura shi a randar, na rufe da faifai, na kifa moɗa a kai. Sauran ruwan na kwarara a bayan ɗaki. Injin iska na tura ƙarƙashin gado. Gilashin kuwa na goge shi tas, na jera kofunan tangaran da kaset-kaset a ciki, ya zama kabad. Na cire wandon nan mai share titi na sa riga da hula. Na tsaya na dubi ɗakin na ce, kai, wallahi ni ɗin nan gwani ne.

Bayan azahar suka iso, rana tana dukan tsakar ka. Na tare su a ƙofa ba takalmi, na durƙusa har ƙasa, ido a kan tabarma. Baba Alhaji dogo ne, da babbar riga fara da sanda. Malam Liman gajere mai ƙiba, carbi a hannu. Suka ƙi kujera suka zauna a tabarma, Baba Alhaji dab da randar. Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi damina.

Sai Baba Alhaji ya ce, "Yaro, a ba mu ruwa, mun sha rana."

Jama'a, duk shirin nan da na yi, ban tuna baƙo yana shan ruwa ba. Ɗigon ruwa babu a gidan sai wanda ke cikin randar.

Na ce, "Baba, ga lemon kwalba na tanadar muku."

"A'a, ni ban shan abin nan mai kumfa. Ga randa nan tana raɓa, ɗebo mana mai sanyi."

Ina zan ce? In ce wa wanda zai ba ni mata ba zan ba shi ruwa ba? Na matsa da gwiwa, na kare randar da jikina, na ɗaga faifan kaɗan na zura moɗa. Ɗankwangila, wanda ke cikin duhu da ƙunci tun hantsi ba iska, ya cafke mini ɗan yatsa. Na haɗiye ihun, hawaye ya cika mini ido. Na juye ruwan a kwanon sha na miƙa da hannu biyu.

Baba Alhaji ya yi bismilla ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya sauke kwanon, ya ɗan tauna bakinsa, ya miƙa wa Malam Liman. Shi ma ya sha.

Baba Alhaji ya ce, "Malam, ka ji ruwan Faskari? Ɗan ƙarni gare shi."

"Rijiyoyinsu kusa da fadama suke," in ji Malam Liman, don ya rufa mini asiri, Allah ya jiƙansa.

Daga nan Baba Alhaji ya gyara zama ya shiga abin da ya kawo su. "To yaro, ba mu zo da ɓoye-ɓoye ba. An ce mana kana aje da wani abu cikin gilashi, kana yi mashi hidima. Mi ne ne gaskiyar magana?"

Na ce, "Baba, sharri ake yi mini. Ga gilashin nan a gabanku, kabad ne."

Suka juya suka dubi kofuna. "Babu kifi?"

"Babu ko ƙayarsa, Baba."

Ƙum!

Daga cikin randar ƙarar ta fito. Na yi tari da ƙarfi. Baba Alhaji ya waiga, ya dawo da ido kaina.

"Mi ke nan?"

"Randar ce sabuwa, Baba. Haka take yi in tana tsuma." (Randar da bakinta duk ya guntule don tsufa.)

Ƙum! Ƙum! Wannan karon har moɗar da ke kan faifai ta yi rawa ta gangaro ƙasa. Malam Liman ya fara karanto addu'a ƙasa-ƙasa, yana ja da baya da mazaunai, ƙafarsa ɗaya tana laluben takalmi a bakin ƙofa. A lokacin na gane irin ramin da na haƙa wa kaina. Kifi a gilashi abin dariya ne. Amma abu mai motsi a cikin tukunya rufe, wanda mai ɗaki ya ce babu shi, ai ko ni aka nuna wa zan ce tsafi ne. Na ga Hajara tana suɓuce mini ina zaune.

Baba Alhaji bai san tsoro ba, mutum ne da ya saba da kama bijimi. Ya ce, "A'uzu billahi," ya sa bakin sandarsa ya ture faifan.

Ɗankwangila ya ga haske. Ya taso sama gaba ɗayansa, baƙi wuluk, ruwa na bin sa, ya faɗo tim a cinyar Baba Alhaji. Baba ya zabura ya miƙe ya tattaro riga, kifin ya naɗe a cikinta yana fille-fille. Malam Liman kuwa tuni ya kai tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya yana salati.

To a nan ne abin kunyar na gaske ya faru. Ni da ban taɓa haɗa ido da dattijon nan ba, ni da nake ce masa "ku", sai na ji bakina ya daka masa tsawa: "Tsaya cak! Kar ka motsa, za ka kashe shi!" Na yi tsalle na rungume shi, na cusa hannu cikin rigarsa har kafaɗa ina lalube. Na damƙo kifin ya suɓuce, na sake damƙowa ya mare ni da wutsiya. Na naɗe shi a gaban rigar Baba na ce, "Riƙe nan! Riƙe da kyau mana!" Na juya na kwashe kofuna da kaset daga gilashin na watsar, tangaran na fashewa. Na karɓe kifin na sa a ciki. "Kama randar! Ɗaga ta can! Juye, juye! A hankali mana, haba, ba ka gani ne?"

Kuma wallahi ya kama. Ban san ko ruɗewa ce ba, amma Baba Alhaji na Yargoje ya sunkuya ya ɗaga randa tare da ni muka juye.

Ruwan da ƙyar ya rufe bayan kifin. Ya kwanta a gefe ɗaya, ya yi fari fat, baki na buɗewa yana rufewa. Na jawo injin daga ƙarƙashin gado na haɗa da batir, na durƙusa na manna goshi a gilashin. "Ɗankwangila, tashi don Allah. Na tuba. Ni na jawo maka, ba zan ƙara ba."

Na waiga a hankali. Ga Baba Alhaji tsaye, riga sharkaf ta manne a jiki, hula ta karkace, ɓawon kifi a gemu. Ga taga cike da kawunan maƙwabta, ihun Malam Liman ya tara su. Sai a lokacin duk abin da na faɗa ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na zame na zauna a cikin ruwan da ya malale, na rufe fuska da hula. Na riga na sallama Hajara.

Baba Alhaji ya matse bakin rigarsa. Ya leƙa ƙofa ya ce, "Malam, dawo. Kifi ne."

Malam Liman ya shigo yana raɓe-raɓe. Ya dubi gilashi, ya dubi randar da ke kife, ya dubi kwanon sha. Na ga lokacin da lissafin ya haɗu a fuskarsa.

"Yaro, ruwan da muka sha..."

"Shi ne, Malam."

Ya koma waje da sauri, muna jin sa yana kakari.

Baba Alhaji ya tsuguna a gaban gilashin ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni dalilin baƙin zanen da hana mutane shiga. Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa, tun daga ƙwanƙwasa gilashi har tonon tana. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma yana da wani sa mai irin wannan hali, in aka yi masa taro sai ya ƙi kiwo. Sannan ya miƙe ya nufi taga ya ɗaga sanda: "Ku kuma mi kuke kallo? Ku ba shi wuri ya sha iska, ba ku ga marar lafiya ba?" Kawuna suka ɓace. Da hannunsa ya ɗauko baƙin zanen ya rufa wa gilashin. Can sai muka ji fantsamar ruwa a ciki, alamar mutumin ya miƙe.

Da za su tafi na bi su har bakin hanya. Baba Alhaji ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa.

"Tsafi dai babu," in ji shi. "Ɗan ruwan da rabin yini cikin randa ke neman kashe shi ba ya sai wa kowa babur. Ƙarya kuma ka yi mana, amma ba ka iya ta ba, wannan ya yi mani daɗi, ɗiyarmu ba za ta sha wahalar kama ka ba. Wauta ce ta yi maka yawa. Ita kuwa ɗiyar da za ta shiga gidanka ta ce ta ji ta gani. Ka turo manyanka."

Aka yi biki bayan kaka. Hajara ta yi mako tana dariya kafin ta iya kallona ba ta fashe ba. Baba Alhaji ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa har ya bar duniya, amma bai ƙara shan ruwa a gidana ba. Duk zuwan da zai yi da gorarsa yake tafe, in an kawo masa kwano ya ce, "A'a, na gode, na san randar gidan nan."

Tun daga ranar na koyi abu ɗaya. In kana da ɗan abin kunyarka, bar shi a fili mutane su yi dariyarsu su wuce. In ka ce za ka tura shi randa ka rufe, to shi zai zaɓi lokacin fitowa, kuma shi zai zaɓi cinyar da zai faɗa.